Ranar da Sodangi Ya Fasa Kogin Sabis

Mako uku kacal Sodangi ya yi yana haƙa rami lokacin da kamfanin waya ya zo binne kebul daga Safana zuwa Batsari, kuma ko a cikin mako ukun, rabi a inuwar mota ya yi shi yana ba leburori labari. Amma tun ranar da aka sallame su, duk wanda ya kira shi Sodangi zalla a Karare sai ya yi kamar bai ji ba. Sai an ce Injiniya. Ya tsinto wata hular kwano ruwan ɗorawa da ta tsage a ƙeya, ya ɗaure ta da roba, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa ta'aziyya. Matarsa Atika ta ce da ana barinsa da ita zai yi wanka.

A Karare kuwa sabis wahala yake ba mutane. In kana son ka ji muryar naka da ke nesa, sai ka hau ɗan tsaunin bayan gari, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Nasiru mai cajin waya shi ne ya san dutsen da ake tsayawa a kai, kuma shekara uku ke nan duk Juma'a yana ɗaukar wayar Inna Ikilima, mahaifiyar Sodangi, ya hau can ya karɓo mata saƙon autanta Yazid da ke aiki a Fatakwal.

Ana haka matar Yazid ta haifi namiji. Da yake mahaifinsu ya rasu, Yazid ya aiko cewa Inna ce za ta zaɓi suna. Inna ta ce ita a gidansu ba a zaɓa wa jariri suna da ka, sai an ga fuskarsa ranar bakwai. Sannan ta ƙara wata magana da ta hana Sodangi zama wuri ɗaya.

"In na ga yaron ya ɗauko kamannin gidan nan," in ji ta, tana kallon bango, "zan buɗe baki in faɗi sunan da ban taɓa faɗi ba."

Kowa a Karare ya gane. Sodangi ɗan fari ne, sunansa na yanka Armaya'u, kuma shekara arba'in da shida Inna ba ta taɓa furta shi ba saboda kunya. In ta matsu sai ta ce "wancan", in ranta ya yi daɗi ta ce "mai hula". Ga shi duk dangi ba wanda ya taɓa yi masa takwara. Shi ma da ya fito zaure ya ɗan share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin murhun Atika ne.

Nasiru ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce a tsauni murya kaɗai ke fita, bidiyo kuwa in ya tsaya cik sai ka yi sallar azahar ka dawo bakin mutum na buɗe yadda ka bar shi. Don haka ranar Juma'a da sassafe a ɗauki Inna a mota zuwa cikin Batsari, ta ga jikanta ƙarfe takwas, ta faɗi suna, a yanka rago a Fatakwal, a dawo gida.

Sodangi ya kwashe da dariya har hular ta zame.

"Uwar Injiniya guda za a kai yawon neman sabis? Nasiru, kai caji ka sani. Wanga abu da kuke hawa tsauni kuna tara, ɗigon indararo ne. Kogin gaba ɗaya yana nan kwance ƙarƙashin gonar Barau, ni na binne shi da hannuna. Ka san gudun da yake yi? Giga goma a daƙiƙa ɗaya."

"Mi ne ne giga?" in ji Barau, wanda ya ji an ambaci gonarsa.

"Buhu ne, amma na magana. Kafin ka ƙifta ido buhu ɗari sun wuce ƙarƙashin gyaɗarka."

"Yanzu ka ce goma."

"Goma da safe. In rana ta ɗaga kebul ya ɗau zafi, ɗari ne. Ranar kasuwa har dubu yakan kai."

Dabararsa irin ta masu lambu ce. Ai in kogi ya bi ta bayan gonarka ba ka ɗaukar tulu ka tafi wani gari. Gefe kake fasawa, ka ja 'yar hanya, ruwa ya shigo. To shi ma zai tono kebul, ya ɗan fere gefensa, ya jona wayar wuta, ya ja ta zuwa tsohon farantin kallon ƙwallo da zai kafa a kan gora a ƙofar gidan Inna. Daga nan sabis zai riƙa fesowa, Inna ta ga jikanta tana zaune a kan tabarmarta, mutanen Karare kuma su ji sunan Armaya'u da kunnensu.

Atika ta ce, "Mai gida, rediyon ɗakina da ka gyara bara har yau sai an mare shi yake magana."

"Rediyo ƙaramin ilimi ne, shi ya sa hannuna bai zauna a kansa ba."

Ranar Alhamis bayan azahar, rabin gari na kasuwar Batsari, Sodangi ya saɓa diga, Barau ya biyo shi da shebur, ba don ya yarda ba, sai don ya ga abin da za a yi wa gyaɗarsa. Tsofaffi da matan da ba su je kasuwa ba suka jeru a inuwar tsamiya. Sodangi ya yi taku bakwai gabas, ya yi uku kudu, ya kwanta ya kara kunne a ƙasa, ya ɗaga hannu a yi shiru.

"Ga shi nan yana gudu. Ana ta magana da Yarabanci."

Suka haƙa har gwiwa, kunya huɗu na gyaɗa suka tafi. Diga ta taɓa wani abu baƙi mai kauri. Sodangi ya yi kabbara, ya shafa shi, ya ce ko a mafarki ya san wannan kebul. Barau ya sunkuya ya ɓantari gefe ya shinshina.

"Saiwar tsamiya ce."

"Na sani. Gwada ka nake in ga ko kana lura."

Rami na biyu ya fi na farko zurfi, ya kuma ci kunya shida. Nan ma diga ta samu abu, sai dai wannan karon abin ya rama. Ruwa ya yi tsiri sama, ya ɗauke hular kwano ya jefa cikin dawar maƙwabci. Bututun da ke kai ruwa daga tankin burtsatse zuwa famfon masallaci ne. Daga cikin gari aka ji ladan yana tambayar wanda ya kashe famfo ana dab da la'asar.

Sodangi ya tsaya sharkaf, ruwa na zuba daga gemu, ya juya wajen 'yan kallo.

"Kun gani? Mun kusa. Wanga ruwan sanyaya layi ne. Abin da ke gudun giga dubu dole a riƙa yi mishi fifita."

"Sodangi," in ji wata tsohuwa, "da ruwan sanyaya layin muke alwala shekara biyar?"

Ya naɗe bututun da robar tayar keke, ya je ya ɗauko hularsa.

A rami na uku, can bakin hanya inda wani guntun siminti ke tsaye tun ba yau ba, kuma inda Barau ya ce a fara tun farko, suka ci karo da wani dogon ƙyalle na leda mai launin ja da rubutun Turanci. Sodangi ya yanko kamu biyu ya ɗaura a ƙugu, ya ce ɗamarar ma'aikata ce. Ƙasa da shi kaɗan ga bututun roba, a cikinsa ga kebul baƙi, kaurinsa bai fi babban yatsa ba.

Barau ya leƙa. "Wanga ɗan abu ne kogin?"

"Kai ma ai ba ka da kauri, amma dubi tuwon da kake ci."

Ya sa zarto ya buɗe bututun, ya sa wuƙar Atika ta yankan kuɓewa ya fere baƙar fatar. Yana neman jan ƙarfe, irin wanda ya saba gani a wayar wuta. Babu. Sai wasu 'yan bututu masu launi, a cikin kowanne wasu silla sirara masu ƙyalli.

"Gemun masara," in ji Barau.

Sodangi ya yi tsaki mai tsawo. "Ka ga ha'incin 'yan kwangila? Ciko ne, irin audugar katifa, don kada ƙarfen ya ji sanyi. Ainihin wayar tana tsakiya."

Ya sa filaya ya datse shuɗin bututu, babu ƙarfe. Ya datse kore, babu. Ya datse ruwan goro, ya datse fari, yana yi yana fizgo sillan yana watsarwa bayan rami kamar mai figar kaza. A tsakiya ya samu wata sanda mai tauri wadda ba ta yi kama da ƙarfe ba, amma da yake ita kaɗai ta rage, ya ce ita ce. Ya murɗa mata wayar wuta, ya naɗe da salatif, ya ja wayar ta cikin sauran gyaɗar Barau har ƙofar gidan Inna, ya ɗaura a faranti.

Aka zaro wayoyi ana dubawa. Ko sandar sabis ɗaya babu.

"Sai ya kwana," in ji Sodangi. "Sabon rami ma sai ruwa ya taru."

Kafin magariba 'yan kasuwa suka fara dawowa daga Batsari, kowa fuska a murtuke. Wai tun la'asar sabis ya ɗauke ɗif. Masu POS sun kifa na'urorinsu suna hamma. Wani dillali ya sayar da bijimi, mai saye ya ce zai tura, aka tsaya ana kallon waya har kasuwa ta watse, bijimin ya koma gida da mai shi. Direban a-kori-kura da ya fito daga Safana ya ce can ma haka, har garin Zakka. Wasu suka ce halan an sake rufe layi ne kamar shekarun baya. Nasiru ya hau tsauni ya sauko ya ce ko dutsensa ya mutu.

Mai hankali a nan zai ja bakinsa ya shige ɗaki. Sodangi kuwa kan benci ya hau a gaban mai shayi, da jan ƙyalle a ƙugu.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba wanda ya rufe komai. Ni ne! In ka fasa kogi ta sama, ai na ƙasa sai su ga ya janye. Sabis ɗin Batsari da na Safana duk ya juyo nan, yana taruwa a farantin Inna. Gobe ƙarfe takwas ku zo da wayoyinku, kowa ya ɗiba."

Dillalin bijimi ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Maimaita, Injiniya. Wa ka ce?"

"Ni, Sodangi na Ikilima. Ka faɗa wa mutanen Batsari su yi haƙuri, in an gama suna zan sako musu kaɗan."

Ai kuwa dillalin ya faɗa musu. Nasiru kuwa ya tafi ya duba man babur ɗinsa.

Juma'a tun hantsi bai yi ba ƙofar gidan Inna ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an kawo goro da alewa, Atika da maƙwabta sun soya waina. Liman ya zo, mai gari ya zo. Inna ta sha sabon lulluɓi, ta zauna ƙarƙashin faranti da gilashinta na karatu a hanci, wayar Sodangi a jingine da ƙwaryar fura a gabanta. Nasiru ne kaɗai ba a gani ba, an ce tun bayan asuba ya hau babur ya yi hanyar Katsina.

Bakwai da rabi, babu sanda. Sodangi ya juya faranti gabas. Ya juya shi kudu, wai ya fuskanci Fatakwal. Ya ce mutane sun yi yawa suna tare iska, a matsa baya. Aka matsa. Ya ce wayoyin aljihunsu ne ke shanye sabis kafin ya iso wajen Inna, kowa ya kashe. Aka kashe. Ya hau kan turmi ya girgiza gorar, farantin ya sunkuyo ya kwashe rawanin liman.

"Takwas saura nawa?" in ji Inna.

"Yanzun nan, Inna. Giga dubu ne, in ya taso ko gaisawa ba za ku gama ba ya iso."

Abin da ya iso farar mota ce mai tsani a bisa, bayanta babura sun fi ashirin, duk mutanen Batsari, dillalin bijimi a gaba. Wata mata ta fito daga motar da hular kwano sabuwa fil a kan hijabinta. Ta gaida mai gari da liman har ƙasa, ta gaida Inna, ta ce sunanta Mahfuza, ita ce injiniyar da ke kula da layin nan. Ta ce na'urarsu ta nuna an yanke kebul daidai bakin wata gona a Karare, kuma ba su sha wahalar neman mai aikin ba, don wayar wuta suka biyo tun daga ramin har nan. Sai idonta ya sauka a ƙugun Sodangi.

"Baba, wannan ƙyallen fa?"

"Ɗamarar aiki ce. Ai mu abokan sana'a ne, 'yata. Ni na binne layin nan."

"An rubuta kada a tona a jikinsa."

"Wannan don waɗanda ba su sani ba ne."

Aka ɗunguma zuwa ramin, har masu waina. Mahfuza ta leƙa, ta yi salati, ta durƙusa ta tsinto silin nan ɗaya daga cikin ƙasa ta ɗaga shi a rana.

"Ina sauran?"

"Cikon? Na zubar. Ki gode mini ma, ha'intarku aka yi, ko ƙarfe ɗaya babu a ciki."

"Baba, wannan shi ne layin. Gilashi ne, haske ke gudu a cikinsa. Sili ɗayan nan da kake gani shi ke ɗaukar giga goman da ake faɗi a daƙiƙa. Arba'in da takwas ne a ciki, ka datse su duka."

"To sandar tsakiya da na jona?"

"Ita ba ta ɗaukar komai. Don kada kebul ya lanƙwashe aka sa ta."

Barau ya dafa shebur ya ce, "Ashe gemun masarar ne kogin."

Dariyar da aka yi har tsuntsayen tsamiya sai da suka tashi. Dillalin bijimi ne kaɗai bai yi ba, yana ta naɗe hannun riga, sai da mai gari ya daka masa tsawa. Sodangi ya gyara hula ya ce to ai abu mai sauƙi ne, a ba shi salatif ya ɗaure su biyu-biyu, minti biyar an gama. Mahfuza ta ce kowane sili sai an fere shi, an goge, an saka a na'ura ta narka bakinsa da na ɗan'uwansa, ga shi sai an ƙaro sabon guntu saboda wanda ya fige. In Allah ya taimaka, la'asar.

"La'asar?" Muryar Sodangi ta sirance. "'Yata, ƙarfe takwas ake suna. Ki haɗa mini ɗaya tak, na Fatakwal."

"Baba, takwas ta wuce da minti ashirin."

Mai gari ya yanke hukunci a tsaye. Sodangi zai cike ramuka biyu, ya gyara bututun masallaci, ya yi wa Barau noman da ya ɓata. Kafin nan kuma, tunda abokin sana'a ne, shi zai riƙe wa injiniya lema, don an ce ƙura ko ɗigon gumi ba a so ya taɓa gilashin. Haka ya tsaya a bakin rami da lemar Atika mai furanni, rana na dukan hular kwano, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Injiniya, giga nawa yanzu?"

Wajen sha ɗaya aka ji babur. Nasiru ne, fuska duk jar ƙasa. Ya wuce ramin ya tafi ƙofar gida, jama'a suka bi shi, Sodangi ma ya yar da lema ya bi su da gudu.

Nasiru ya durƙusa gaban Inna. Ya ce sai da ya kusa Katsina ya samu sabis, ya kira Yazid takwas da rabi, ya tarar malamai sun gaji da zama, mahauci ya wasa wuƙa har sau biyu. Yazid ya tambaye shi sunan da Inna ta zaɓa, ya ce bai sani ba, Inna ba ta ga fuska ba balle ta faɗa.

"Sai aka yi yaya?" in ji Sodangi.

Nasiru ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Wallahi na hana shi, Yaya. Na ce ya jira. Ya ce jama'a ba za su ƙara jira ba, kuma wai shekara uku ina hawa dutse saboda Inna, yau kuma na yi wannan tafiya..."

"Mi aka sa wa yaron?"

"Nasiru."

Liman ya ce Allah ya raya, aka shafa. Atika ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Nasiru ya zaro waya ya ce ya taho da hoton jaririn, ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

Inna ta gyara gilashi. Ta kawo wayar kusa, ta nisantar, ta sake kawowa. Jariri ne jajir a cikin farin tawul, da wasu kunnuwa fatan-fatan da suka tsaya a gefen kai kamar hannun tukunya. Ta ɗago ta dubi ɗanta na fari, wanda roba ta danne wa hula a tsakanin irin waɗannan kunnuwa sak. Sodangi ya matso ya durƙusa, bakinsa a buɗe, ko numfashi ba ya yi.

Inna ta buɗe baki. Ta rufe. Ta miƙa wa Nasiru wayarsa, ta nuna Sodangi da leɓe.

"Kunnuwan wancan ne," ta ce. "Ku ba shi waina ya koma, yarinyar mutane na cikin rana."